Ko Uwarsa Bai Tsaya Wa Ba

A ƙauyenmu, can gefen Kafur, ba mu san wani abu wai shi mota ta wuce mutum ba. Ka fito bakin titi ka ɗaga hannu kawai. Ko a cike take maƙil direba zai taka birki, a ce a matsa, in an matsa wuri bai samu ba a ɗora ka a cinyar wani bawan Allah. In sauka za ka yi kuma, kalma ɗaya ce tak: "Akwai!" Ka faɗe ta da ƙarfi, ka ɗan bubbuga jikin motar, shi ke nan an gama. Ƙofar gida ce, bakin gona ne, gindin mangwaro ne, babu mai tambayarka dalili. Da idona na ga an tsaya wa wata tsohuwa ta sauka ta leƙa gyaɗarta ko ta tsiro. Ta dawo ta shiga, fasinjoji har suna tambayarta yadda ta same ta.

To, a cikin direbobin da suka iya tsayawa ban ga na biyun autanmu ba. Lokacin yana jan wata ƙaramar bas ta wani Alhaji maƙwabcinmu, dillalin tumatir, daga Malumfashi zuwa Danja, ranar kasuwa har Funtuwa. Yaron nan ko kara ya gani a tsaye a bakin hanya sai ya rage gudu ya duba ko mutum ne. In ya iso daidai gidanmu kuwa, sai ya kashe mota ɗungurungum ya shigo gaida Mama. Ta dama masa kunu, ya zauna ya sha, fasinjoji suna ciki suna fifita. Waɗanda suka san gidan su ma su sauko a miƙa musu ludayi. Ni da nake koyarwa a firamare, na san in na shiga motarsa sai dai in tarar yara sun gama share fili sun shiga aji. Na yi masa faɗa har na gaji.

Daga baya ya bi motar tumatir zuwa Legas, ya koyi jan babbar mota, aka ɗauke shi aiki a waɗannan dogayen bas-bas na gwamnati da ke ratsa birnin. In ya bugo waya sai ka ji muryarsa tana rawa don murna. Wai su ba direba ake ce musu ba, failot ake cewa, irin na jirgin sama. Mama ta ce to madalla, ya dai kula kada ya tashi da 'ya'yan mutane.

Sai Baba ya rasu, ya bar mana gonar fadama. Mama ta riƙe ta da kanta, damina da rani, har gwiwoyinta suka fara gardama. Ni ina gidan miji, ƙannena mata duk sun yi aure, namiji ɗaya ne a ɗakinmu, shi ne Auta. Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, Mama ta ja ni gefe ta ce ta yanke shawara: za ta je Legas ta taho da shi gida ya kama gonar ubansa. Ni kuwa na san halin yaron. Auta bai taɓa yin musu da Mama ba. In ta ce ya dawo zai dawo, ko da aikin nan shi ne abin da ya fi so a duniya, kuma shi ne ɗin. Na ce, "Mama, ba kya bari ya zo Kirsimeti ku yi magana?" Ta ce a'a, so take ta gani da idonta abin da ya riƙe mata ɗa, kuma ni zan raka ta. Ta kuma hana ni gaya masa ranar zuwanmu, wai kada ya yi mata shirin ƙarya.

Da hantsi muka isa unguwarsu, a Ikorodu, da buhun masara da ƙullin daddawa da ƙafafu a kumbure. Ɗakinsa a kulle. Maƙwabciyarsa, wata mai tuwo-tuwo mutuniyar Dandume, ita ta karɓe mu da murna, ta shimfiɗa mana tabarma. Ta ce yana aikin safe, kuma ba a barinsu su taɓa waya in suna tuƙi. Da ta tsaya nan da an zauna lafiya. Sai bakinta ya ƙara da cewa, "Ai ta babban titin can yake wucewa, nan kusa."

Mama ko ruwa ba ta gama sha ba ta miƙe. Ta ɗaura zanenta na zumuntar matan coci, wanda ba ta fito da shi sai da dalili, ta ce in wuce mu je.

Kai, titin nan! Motoci ne iya ganinka, sun cushe, ana ta ham, 'yan talla suna ratsawa a tsakani. Amma a cikin titin an ware wani layi guda an yi masa ɗan shinge na kankare, fayau, babu kowa a ciki. Muna tsaye sai ga wata doguwar mota shuɗiya ta taho ta cikinsa, shuuu, ta wuce duk waɗanda suka cushe. Kafin mu rufe baki ga wata. Mama ta ja ni muka kutsa har jikin shingen, ta gyara tsayuwa, ta ɗaga hannu.

Ta farko ta wuce. Ta biyu ta wuce. Na ce, "Mama, anya waɗannan suna tsayawa kuwa?" Ta ce, "Waɗannan ba su san ni ba ne." Haka ta yi ta ɗaga wa kowace mota hannu, tana leƙen fuskar direba, in ba shi ba ne ta yi tsaki ta ce wannan ƙato ne, wannan baƙi ne, wannan kuma ko ɗan wa ne oho, bai da fara'a. Ni dariya ta cika mini ciki, ga rana, ga wani mai sayar da ruwan leda ya tsaya yana kallonmu ya manta da cinikinsa.

Sai ga shi. Ta cikin ƙaton gilashin gaba na hango shi, da farar riga mai igiya a kafaɗa, ya zauna ɗas a sama. Wallahi ya yi kyau, ban taɓa sanin ƙanena yana da wuya haka ba. Mama ta daka tsalle da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta ɗaga hannu biyu, tana kiran "Auta! Auta!" Ya gan mu. Babu tantama ya gan mu, don na ga idonsa ya buɗe, bakinsa ma ya buɗe. Ya danna ham sau ɗaya. Ya wuce.

Iskar motar ta kaɗa mana zane. Hannun Mama yana sama har motar ta ƙule, tana jira ta ga jar fitilar birki. Dariyata ta tsaya cak. Tausayinta ya kama ni, domin a gabana na ga tsohuwar nan ta ƙanƙance. Ta sauke hannun a hankali ta ce, "Ya wuce ni." Na fara cewa ƙila doka ce, ta ce in rufe mata baki. A hanyar komawa ta ce da can tana da ɗan kokwanto, yanzu babu. Garin da zai koya wa ɗa wuce uwarsa a bakin titi ba wurin zama ba ne, jibi ƙafarta ƙafarsa.

Da la'asar ya shigo a guje, yana haki, ya zube a gabanta. "Mama, sannunku da zuwa. Mama, yaya hanya?" Ta juya masa ƙeya ta dubi bango. Sai ta ce da ni, "Ke, tambayi bawan Allahn nan wa yake nema." Na ce, "Wai wa kake nema?" Ya ce, "Haba Yaya, har da ke?" Ta ce, "Gaya masa matar da yake nema tana can bakin titi, ya je ya duba." Haka aka mayar da ni tafinta tsakanin mutum biyu masu jin Hausa, mai tuwo-tuwo tana bakin ƙofa ta toshe baki da gefen zane. Ya yi bayani, ya ce motar ba ta tsayawa sai a tasharta, ƙofar ma ba a buɗe ta a hanya, wanda ya yi haka a bakin aikinsa. Mama ta ce in gaya masa a wace tasha ta tsaya ranar da ta haife shi.

Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya ce, "Mama, alfarma ɗaya nake roƙo. Gobe ki shiga motata, daga farkon layi har ƙarshe. In mun sauka, duk abin da kika ce shi zan yi." Can ta ce in gaya masa za ta shiga, ba don shi ba, don kada a ce ta zo Legas ba ta ga gari ba.

Washegari ya riga mu fita, ya bar mini katin biyan kuɗin mota guda biyu da bayanin yadda ake yi. Keke mai ƙafa uku muka hau zuwa babbar tasha. Nan na fara gane tsarin abin. Ta kowace kusurwa kekuna da ƙananan motoci suna fitowa daga lunguna suna juye mutane, mutanen kuma suna shiga layi. Layi fa na gaske, mutum bayan mutum, babu mai shiga ta taga. Mama ta duba hagu ta duba dama ta ce, "Ina 'yan kamasho?" Babu mai jan jakarka, babu mai rantse maka cewa saura mutum ɗaya a tashi. Muka bar mota biyu suka tafi muna jiran tasa. Da ta iso, ƙofa ta yi tsaki ta buɗe da kanta, Mama ta ja da baya ta ce, "Yesu! Wa ya buɗe?"

Na ɗora mata katin a jikin wani ɗan akwati, ya yi ƙara, ta ce masa sannu. Auta yana zaune a kujerarsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina kwana, Mama." Ta wuce shi fuska a ɗaure ta zauna a kujerar tsofaffi, bayansa kaɗan, jikin taga. Sanyin na'ura ya buso ta, ta lulluɓa har kunne tana cewa an sa mu a firij. Ta tambaye ni ina kwandasta, na ce babu. Ta ce to wa zai ce a matsa? Na ce ba a matsawa, kowa da kujerarsa, wanda bai samu ba ya kama ƙarfe ya tsaya. Ta taɓe baki ta ce rowar wuri ce kawai, ita da cinyarta a banza.

Fushin nan bai yi nisa ba. Muna hawa babban titi muka tarar da cunkoson safe, motoci sun tsaya cik, mu kuwa muka shige layinmu muka miƙe. Mama ta manna goshi a gilashi. Muka wuce tanka, muka wuce tirela, muka wuce wasu manyan motoci masu baƙin gilashi irin waɗanda in sun shigo ƙauyenmu yara ke bi da gudu. Sai na ji tana dariya ƙasa-ƙasa. "Ke, dubi wancan mai tumbin. Sannu Alhaji! A dai yi haƙuri!" Ta fara ɗaga musu hannu ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu sai an jima. Ta ga wani yana cin burodi a kan sitiyari ta ce ya ci a hankali, babu inda za shi. Ni ma abin ya ɗebe ni, muka yi ta ƙyalƙyala kamar 'yan mata a motar kai amarya. Ta cikin madubi na hango Auta yana cije leɓe.

Motar takan yi tafiya mai nisa kafin ta tsaya, kuma in ta tsaya ba ta daɗewa. Ƙofa ta buɗe, wasu su fita, wasu su shigo, ta rufe. Tashoshin an yi musu rumfa, wasu da gadar ƙafa a sama don masu tsallaka titi. Babu gaisuwa, babu sauke buhu daga kan rufi, babu direba ya je ya dawo. Mama ta ce ko fitsari ba a yi a garin nan?

Mun bar tashar babbar kasuwar gwari ke nan, inda motocin arewa ke sauke kaya, sai Mama ta hango wani a tsaye a kan tulin kwandunan tumatir yana nuna wa 'yan dako hanya. Alhaji ne, maƙwabcinmu, tsohon ubangidan Auta, da jar hularsa. Mama ta manta da inda take. Ta miƙe tsaye, ta daki gilashi da tafin hannu, ta kwarara ihu: "Akwai! Direba, akwai!"

Mota ta yi tsit. Kowa ya juyo. Wani mai kwat ya cire abin da ya toshe kunne da shi. Mama ta ƙara bugawa, "Akwai mana! Alhajin gidanmu ne, mu gaisa!" Auta ko waiwayowa bai yi ba, amma na ga ƙeyarsa ta jiƙe da gumi duk da sanyin nan. Alhaji da kwandunansa suka koma baya suka ɓace. Na jawo Mama ta zauna, ina jin kamar in shige ƙarƙashin kujera, ga dariya kuma tana neman shaƙe ni.

Sai muka ji wata ta fashe da dariya a bayanmu, ta ce da Hausa tsantsa, "Wayyo Allah, akwai! Rabon da in ji kalmar nan tun ina budurwa. Mama, daga ina?" Wata Bayarbiya ce da fararen kayan asibiti, ashe haifaffiyar Funtuwa ce, babanta ya yi shagon kayan keke a can. Nan take aka hau gaisuwa, ina wane ina wance, har suka gano sun taɓa sayen atamfa a rumfa ɗaya. Mama ta kai mata ƙara, ta nuna ƙeyar Auta ta ce wancan da take gani ɗanta ne, jiya ya wuce ta a titi, yau kuma ya hana ta gaida maƙwabci.

Matar ta dafa ƙirji ta ce, "Ɗanki ne? Kai, Mama, Allah ya yi masa albarka." Ta ce ita a can cikin tsibirin Legas take aiki, ƙarshen layin nan. Kafin a kawo motocin, ƙananan bas take bi, masu tsayawa duk inda aka ɗaga hannu, ga cunkoso. Takan fita yaranta suna barci ta dawo suna barci, sai ranar hutu take ganin idonsu a buɗe. Ƙaramin har ya fara kiran 'yar aikinta mama. Yanzu da hannunta take yi musu wanka ta ba su abin kari, sannan ta fito, kuma ta riga likita isa. Ta ce, "Mama, in ya tsaya miki, gobe sai ya tsaya mini a ƙofar gidan ƙanwata, jibi ya tsaya wa wancan ya sayi jarida. Mu da ke can ƙarshe sai yaushe?"

Mama ta daɗe tana kallon mutanen da ke tsaye sun kama ƙarfe, masu jaka, masu kayan makaranta, wata da goyo. Can ta taɓo ni ta ce, "Ashe ban ruwa ne." Na ce wane irin ban ruwa? Ta ce in an tada inji a fadama, ruwa babbar hanya yake bi, sai an kai gaɓa sannan a fasa masa ya shiga fangali. In kowa ya fasa a bakin nasa, na ƙarshe tumatirinsa ya ƙone. Ta ce Baba sau nawa yana faɗa da mutane a kan haka. Ta faɗi wannan, sai kuma ta tuna fushi take, ta sake ɗaure fuska ta ce amma dai ita ba fangali ba ce.

Abin da ya ƙarasa ta ya faru ne a wata mahaɗa, inda dole motarmu ta dakata wa jar fitila. Wani babban mutum, da kwat da igiyar wuya da agogo mai walƙiya, ya gaji da zama a cunkoso. Ya fito daga bayan motarsa, ya tsallake shingen kankare, ya zo yana dukan ƙofarmu. Yana nuna agogo, yana nuna ƙirjinsa, yana ɗaga wani kati, alamar shi wani ne. Auta ya girgiza kai cikin ladabi, ya nuna masa tasha can gaba. Mutumin ya ƙara duka yana kumfar baki.

Mama ta miƙe. Na kama zanenta, ta fizge. Ta matsa jikin gilashi daidai fuskar mutumin, ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai, tafi can! Ko uwarsa bai tsaya wa ba, balle kai! Ni na haife shi, jiya ya wuce ni! Wane ne kai?"

Ma'aikaciyar asibitin ta kwanta a jikin kujera tana hawaye don dariya. Aka tambaye ta me tsohuwa ta ce, ta fassara da Yarbanci, wani ya mayar da Turanci, magana ta bi mota har kujerar baya. Sai tafi! Wani ya ɗaga murya ya kira ta maman failot, saura suka ɗauka. Fitila ta ba da hannu, muka bar mai kwat yana gyara igiyar wuya. Mama ta juyo tana amsa gaisuwa hagu da dama, tana cewa, "Nawa ne, autana ne. Haka yake, ba ya tsayawa." Jama'a, matar da jiya ta ƙi amsa masa sannu! Wata ta miƙo mata alewa, wani ya nemi su ɗauki hoto. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Daga nan muka hau wata doguwar gada, ruwa ta ko'ina, ga jiragen ruwa manya-manya a tsaye. Mama ta damƙe hannuna ta fara addu'a da ƙarfi, ta rufe ido ɗaya ta bar ɗaya yana kallo. Da muka sauka lafiya ta ce amin, sannan ta tambaya ko da wata gadar a gaba.

A tashar ƙarshe kowa ya fita, ma'aikaciyar asibitin ta rungume Mama ta ruga aiki. Auta yana da ɗan hutu kafin ya juya. Ya sauko, ya same mu a kan wani benci a ƙarƙashin rumfa, ya durƙusa a kan siminti da fararen kayansa, mutane suna wucewa suna kallo. Hankalina ya tashi, don na san lokacin ya yi, kuma ban san abin da za ta ce ba. Dariyar mota daban, gona daban.

Ya ce, "Mama, jiya tun daga nesa na gane zanenki. Ƙafata da kanta ta tafi kan birki, na janye ta. Mutane ne a tsaye cike da mota, ga wata motar a bayana. Har na kai tasha ta gaba ban ga titi sosai ba." Ya sunkuyar da kai. "Kin gani yanzu. In kin ce in dawo, yau zan mayar musu da rigarsu."

Mama ta dube shi. Ta sa hannu ta gyara masa igiyar kafaɗa da ta karkace, ta kaɗe wani abu da ni ban gani ba. Ta dubi layin mutanen da suka fara taruwa a bakin motarsa, ta sake dubansa.

Ta ce, "Ɗan kawunka zai noma gonar. Ya daɗe yana so."

Ya ɗago kai. "Mama?"

"Ka zauna abinka. Na yafe maka jiya, na yafe maka gonar." Ta ɗan yi murmushi. "Tana nan, duk ranar da ka gaji za ka same ta inda ubanka ya bar ta. Ni ce dai ban yi maka alkawarin za ka same ni ba."

Ya kifa kai a gwiwarta. Wani ma'aikacin tasha ya kira shi daga nesa, ya sake kira. Mama ta ɗaga shi da hannunta ta ce ya tashi, ya ɓata gwiwar wando a gaban mutane. Ya tashi yana share fuska, ya tafi yana waiwaye, ya hau kujerarsa.

Muka zauna a bencin. Ta ce in ara mata gefen mayafina, wai iskar teku ce ta shiga mata ido. Ƙarya take yi, kuka take, ni ma kukan nake.